Gulbi da Rijiya Ruwa Ɗaya Ne: Abin da Mai Kiwon Kifi da Kaji a Jega, Aliero da Maiyama Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Haƙa Rami



Koke iri biyu ne suka fi shigo mana daga yankin Jega, Aliero da Maiyama, kuma kowanne da lokacinsa. Na farko daga Maris zuwa Mayu yake zuwa: rijiya ta ja baya, inji na ta kuka ba ya kawo ruwa, kifi sun taso sama suna haki. Na biyu kuwa daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba: ruwa ya shigo gona, ya tafi da kifi, ɗakin kaji ya jiƙe sharkaf. Da yawanmu muna ɗaukar su a matsayin matsala biyu, wannan ta rani, waccan ta damina. To a gaskiya tushensu ɗaya ne, wato gulbi da irin aikin da mutane suke yi wa gulbi: dam, jinga, hanyar mota, ɗibar yashi, da dubban rijiyoyin fadama. Duk abin da aka yi wa gulbi, za ka gan shi a rijiyarka da bazara, ka kuma gan shi a ramin kifinka da damina. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, musamman wanda ke shirin sayen fili ko zuba jari a bana.

YADDA FADAMA KE AJIYE RUWA

Garin Jega a bakin Gulbin Zamfara yake, wanda wasu ke kira Gulbin Gindi. Daga jihar Zamfara ya taso, ya biyo ta Gummi, ya wuce Jega, sannan ya je ya haɗu da Gulbin Rima a kudu maso yamma da Birnin Kebbi. Wannan baƙar lakar da kake gani a saman fadama, a ƙarƙashinta akwai yashi da tsakuwa da gulbin ya daɗe yana jibgewa shekara da shekaru. Wannan yashin kamar soso yake. Da damina idan gulbi ya cika ya malala cikin fadama, ruwan yakan kwanta na makonni yana tsatstsafowa ƙasa a hankali har soson ya ƙoshi. Da rani kuma abin sai ya juya: gulbi ya ja baya, ƙasa ta riƙa mayar masa da abin da ta sha. Shi ya sa za ka ga gulbi ya ƙafe a ido, amma ka tona yashinsa kamu biyu ko uku ka tarar da ruwa.

Wannan ajiyar ce tubwel ɗinka ke ja. Ita ce shinkafar rani ke sha, ita ce ke riƙe da tattasai da tumatir, ita ce kuma ke cika ramin kifin mafi yawanmu. Aliero ba ta bakin babban gulbi kamar Jega, amma fadamu da ƙoramun da ke shayar da albasarta doka ɗaya suke bi: gwargwadon yadda ruwa ya samu damar kwanciya ya shiga ƙasa da damina, gwargwadon abin da za ka samu da rani.

A lura, akwai wani ruwan daban can ƙasa sosai, a cikin shimfiɗun yashin da masana ƙasa suka sa wa sunan Gwandu. Wani rahoto da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 1973 ya nuna cewa a wasu wurare na kwarin Rima, idan aka huda har zuwa wannan shimfiɗar, ruwa da kansa yake fesowa ba tare da inji ba. Amma wannan ruwan mai zurfi ba cikar damina ɗaya ke cika shi ba, kuma kai wa gare shi sai da burtsatse mai tsada. Maganarmu ta yau a kan ruwan sama-sama ne na fadama, wanda ke hawa da sauka tare da gulbi.

ABIN DA MANYAN DAM SUKA KOYA MANA

An kammala dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara a 1978, yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Na Goronyo a kan Rima an gama gininsa a 1984, girmansa ya haura kubik mita miliyan 900. Dukansu suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Babu mai musun amfaninsu: noman rani, ruwan sha ga birane, da kamun kifi a cikin tafkunan da suka tara.

Sai dai mutanen da ke ƙasa da Bakolori sun biya farashi. Dam ɗin ya rage tsawon cikar shekara-shekara, ya rage faɗinta, ya kuma rage kwanakin da take yi a kwance. Binciken da aka yi bayan gina shi ya nuna cewa a cikin kimanin hekta 19,000 na fadamar da ke ƙasa da shi, an yi asarar noman shinkafa a wajen hekta 7,000, da noman rani a wajen hekta 5,000. Ka ga abin lura a nan shi ne noman rani. Me ya haɗa cikar damina da lambun da ake yi a watan Fabrairu? Soson ne bai sha ya ƙoshi ba, sai rijiyoyi suka yi nisa. Masunta ma sun ji a jikinsu, domin tarwaɗa da sauran kifayen gulbi a cikin ciyawar fadamar da ruwa ya mamaye suke zuba ƙwai. Idan cika ta gajarta, 'ya'yan kifi ba sa samun lokacin girma kafin ruwa ya janye.

Irin haka ya faru a gabas. Bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, malalar ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu, ruwan da ke shiga ƙasa ya ragu, sannan kacalla ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa, har ya kasance wani gari na kukan ambaliya, maƙwabcinsa na kukan ƙishi.

To ga ɗaya fuskar. Dam yana iya riƙe ƙaramar cika da matsakaiciya, amma idan babba ta zo kuma ya riga ya cika, dole a buɗe ƙofofi, in ba haka ba ya fashe. A Satumban 2010 aka ga haka a Goronyo: ruwa ya fi ƙarfin dam ɗin, wani sashe na mafitarsa ya ɓalle, ƙauyuka da gonaki suka nutse daga Sakkwato har cikin Kebbi, har hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke. Shekara takwas bayan nan, a 2018, wannan dam ɗin dai ya janye har ya rage kusan kashi 10 cikin 100 na abin da yake iya ɗauka. Gulbi ɗaya, dam ɗaya, yau ambaliya gobe ƙamfa.

Haɗarin da ba a cika faɗa ba shi ne wannan: idan aka yi shekara biyar ko goma ruwa bai kai wani wuri ba saboda dam na riƙe shi, sai mutane su saki jiki. Wannan ya gina ɗakin kaji, wancan ya haƙa ramuka shida, wani ya ajiye buhunan abinci a ƙasa. Ranar da babbar cika ta zo, sai ta tarar da dukiyar da a da babu ita a wurin.

Wani zai ce, ai Bakolori da Goronyo ba a kan Gulbin Zamfara suke ba, ina ruwan ɗan Jega? Haka ne, ba a kansa suke ba. Amma Zamfara cikin Rima yake zuba ruwansa, Rima kuma cikin Neja. Idan Rima ya tumbatsa, ruwan Zamfara ba ya samun wucewa da sauri a mahaɗa, sai ya daɗe a kwance a fadamun da ke can ƙasa. Kuma shekarun ruwa mai yawa sukan cika gulaben gaba ɗaya a lokaci guda. A 2020 mun gani: ƙungiyar manoman shinkafa ta jihar ta ce ambaliya ta lalata aƙalla hekta 450,000 na shinkafa a Kebbi. Ko wanda ruwa bai taɓa gonarsa ba ya ji a aljihunsa, don farashin hatsi da dusa ya tashi, abincin kaji da na kifi ya bi shi.

ƘANANAN AYYUKAN DA KE KUSA DA GONARKA

Ba sai dam mai miliyoyin kubik mita ba. Ayyukan da suka fi shafar mai kiwo a yankinmu su ne waɗanda yake wucewa ta gefensu kullum.

Na farko, hanyar mota. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta biyo Tambuwal da Jega ta nufi Koko da Yawuri, ta tsallaka gulbi ne a Jega, kuma duk inda hanya za ta ratsa fadama sai an ɗaga ta da cikon ƙasa. Wannan cikon ai dam ne, ko da ba sunansa ke nan ba. Ruwan da a da yake bazuwa a faɗin fadama, yanzu dole ya matsu ta ƙarƙashin gada ko ta kwalbati. Idan kwalbatin ya yi ƙanƙanta, ko yashi da leda sun toshe shi, ɓangaren da ruwa ke fitowa zai taru ya yi tsawo, ɗaya ɓangaren kuma ruwan zai fita da ƙarfi yana zaizayar ƙasa. Haka abin yake a ƙananan hanyoyin karkara da ake cikowa zuwa ƙauyuka. Fili biyu masu kallon juna a gefen hanya ɗaya, farashinsu ɗaya, amma ƙaddararsu da damina daban.

Na biyu, jinga. Manomi ya tara ƙasa ya kare gonarsa daga cika, ba laifi. Amma ruwan da ya hana shiga gonarsa bai ɓace ba, wurin maƙwabci ya tafi. Idan kowa ya yi tasa jingar a ɓangarorin gulbi biyu, an matse ruwa a ƙaramar hanya, sai tsawonsa ya ƙaru, gudunsa ya ƙaru, kuma ranar da jinga ɗaya ta ɓalle ruwan a fusace yake shigowa. Sannan gonar da ke bayan jinga ta daina samun shan da take yi duk shekara. Akwai ma wani abin: jinga tana tare ruwan sama da ya zuba a bayanta, ta hana shi komawa gulbi. Aikin fadamar Zauro, wanda aka daɗe ana shirin yi tsakanin Argungu da Birnin Kebbi a kan fili sama da hekta 10,000, an fara shi da gwaji na hekta 100 a 1982, kuma daga cikin matsalolin da gwajin ya nuna har da ruwan da ke tsatstsafowa ta jikin jingar yana kwanciya a gonaki.

Na uku, ɗibar yashi. Tifa da amalanke suna kwasar yashi daga cikin gulbi don gini, kuma sana'a ce da ke ciyar da gidaje. Amma yashin nan shi ne bakin soson. Idan aka zurfafa cikin gulbi da mita ɗaya, ruwan da ke cikin ƙasar fadama zai riƙa tsiyayewa zuwa wannan sabon zurfin, sai rijiyoyin da ke kusa su bi shi ƙasa. Gaɓar gulbi ma takan fara zubewa.

Na huɗu, miƙar da gulbi. Duk bayan ambaliya za ka ji ana cewa a yashe gulbi, a yanke masa kwana, a miƙar da shi ruwa ya wuce da sauri. Yashe inda ya toshe yana da amfani. Amma miƙarwa Jamusawa sun gwada ta a kogin Rayin tun daga 1817, suka datse masa lanƙwasoshi, suka rage masa tsawo da kusan kilomita 80. Ruwa ya ƙara gudu, ya riƙa cin ƙasan kogin har ya zurfafa da mitoci da dama a wasu wurare, ruwan ƙasa ya bi shi, dazuzzukan bakin kogi suka bushe, garuruwan da ke can ƙasa kuma cika ta riƙa iso musu da sauri da tsawo fiye da da. Lanƙwasar gulbi birki ce. Ita ke ba ruwa lokacin shiga ƙasa.

Na biyar, mu da kanmu. Tun daga shirin Fadama na farko da aka fara a 1993 da tallafin Bankin Duniya, tubwel da ƙaramin injin ban ruwa suka yaɗu a fadamunmu. Bayan ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman rani ya ƙara bunƙasa. Daga 2023 da fetur ya yi tsada, da yawa sun koma sola, ita kuwa sola tun fitowar rana take ja har faɗuwarta, ba wanda ke lissafin lita. Alheri ne babba, amma duk bututun nan cikin soso ɗaya aka soka su.

MITA BAKWAI: IYAKAR DA INJINKA BA YA WUCEWA

Ga abin da ya kamata kowa ya haddace. Injin ban ruwan da ke zaune a bakin rijiya tsotso yake yi, kuma tsotso yana da iyaka. Komai ƙarfin injin, komai sabuntarsa, ba zai ɗago ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8 ba. Ba laifin kamfani ba ne, nauyin iska ne ya yanke haka. Don haka idan ruwan rijiyarka yana mita 5 a Janairu, ya sauka zuwa 6 da rabi a Afrilu, sannan da ka kunna inji ya ƙara sauka da mita ɗaya, to ka kai bakin iyaka. Ruwa yana nan a ƙasa, amma ba naka ba ne. Shi ya sa za ka ga manoma na haƙa rami suna sauke inji ciki, don su rage tazarar.

Yanzu mu yi lissafi. Ramin kifi mai mita 10 tsawo, 10 faɗi, zurfin ruwa mita 1.2, yana cin lita 120,000. A tsakiyar bazara rana da iska kaɗai suna iya shanye kusa da santimita 1 a rana, wato wajen lita 1,000, ban da abin da ke tsiyayewa ta ƙasa. Tsiyayar nan kuwa ta danganta ne da inda ruwan ƙasa yake: idan yana kusa da gindin rami, ramin na riƙe ruwa, idan ya yi nisa kuma ƙasar yashi ce, ramin ya zama rariya. Mai tankin siminti ko tamfol da ya cika tarwaɗa kuwa, sai ya riƙa canja ruwa a kai a kai, kwana biyu ko uku babu canji amoniya ta taru, kifi su daina ci. Kaji masu ƙwai 1,000 suna shan lita 250 zuwa 300 a rana, da zafi ya tsananta abin yana iya kusan ninkawa, kuma yini guda na ƙishi ya isa ya karya ƙwai na kwanaki.

Abin takaicin, lokacin da kake buƙatar ruwa fiye da kullum shi ne daidai lokacin da mai shinkafa da mai albasa ke ja da ƙarfi, soson kuma ya kusa ƙarewa.

AMBALIYAR DA KE FITOWA TA ƘASA

Mafi yawanmu ambaliyar da ke zuwa ta sama muke tsoro. Akwai wadda ke fitowa ta ƙarƙashin ƙafa. Idan gulbi ya cika ya daɗe a cike, ruwan ƙasa na hawa, ko da akwai jinga tsakaninka da gulbin. Ga abin da yake yi:

Tankin simintin da aka binne a ƙasa, idan babu ruwa a cikinsa, ruwan ƙasa na tura shi sama. Kowane murabba'in mita da ya nutse mita ɗaya cikin ruwan ƙasa, ana tura shi da ƙarfin tan guda. Tanki mai mita 4 da mita 3, tan 12 ke nan. Shi ya sa wani ke kwashe kifi a Satumba, ya zubar da ruwa don ya wanke tanki, washegari ya tarar daɓen ya tsage. Ramin da aka shimfiɗa wa leda kuwa sai ka ga ledar ta kumburo daga ƙasa.

A ɗakin kaji, danshi ne ke hawowa ta daɓe. Ɓuntun shinkafa ko garin katakon da ka shimfiɗa ya jiƙe ya dunƙule, warin amoniya ya tashi ya shiga ido da huhun kaji, cutar kashin jini ta samu wurin zama. Buhun abincin da ke ƙasa ya yi funfuna, gubar funfuna kuma tana rage ƙwai da girma ko da kaji ba su mutu ba.

Sannan masai da ramin da ake jefa mushen kaji: ruwan ƙasa idan ya hau ya taɓa su, ƙazantar na bin yashi zuwa rijiya. Wannan kam ba kaji kaɗai ya shafa ba, har da iyalinka.

TO ME ZA A YI?

1. Auna rijiyarka. Igiya, ɗan ƙarfe a bakinta, da littafi. Ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a kunna inji, ka auna daga bakin rijiya zuwa ruwa ka rubuta. Lamba biyu ce mafi muhimmanci: ta ƙarshen Afrilu ko Mayu, da ta Satumba. Ta farko za ta gaya maka irin injin da za ka saya, ta biyu za ta gaya maka zurfin da za ka iya haƙawa.

2. Kada ka sayi fili da rani kawai. Je ka gan shi a Satumba. Duba alamar ruwa a jikin itatuwa, bango da ƙafar gada. Tambayi dattawa da masunta inda ruwan 2010 da na 2020 ya tsaya. Sannan ka ƙara tambaya ɗaya: tun daga lokacin, an yi sabuwar hanya, sabuwar jinga ko sabon kwalbati a kusa? Idan an yi, tsohuwar alamar ba lallai ta ci gaba da aiki ba.

3. Kaji a tudu, ba jayayya. Daɓen ɗaki ya haura ƙasar waje da aƙalla santimita 30 zuwa 50, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba siminti, a yi magudana a kewaye. Abinci a kan katako, nesa da bango. Ya fi sauƙi ka ja bututu mita 200 zuwa tudu da ka kwashe kaji 1,000 cikin dare.

4. Ramin kifi a fadama: bakinsa ya haura alamar cika mafi tsawo da ka sani da aƙalla rabin mita. A daddaɓe shi sosai, a dasa masa ciyawa, a sa bututun fitar da rarar ruwa mai raga a baki. Kafin Agusta a kewaye ramin da raga mai tsawo, a binne gindinta, domin tarwaɗa da ta ji sabon ruwa tafiya take yi.

5. Tankin siminti gara a gina shi a saman ƙasa. Wanda nasa ke binne, kada ya bar shi fanko daga Agusta zuwa Oktoba.

6. Daidaita kalanda da gulbi. Tarwaɗa na kai girman kasuwa a wata 4 zuwa 6. Wanda ke ƙasan fadama ya zuba a Oktoba bayan ruwa ya janye, ya kwashe a Fabrairu ko Maris, ya tuna sanyin Disamba da Janairu na rage musu ci. Zubi na biyu ya tabbata ya fita kafin tsakiyar Agusta. Kada ka bari kifin da ya cinye maka buhu 50 ya kwana a bakin gulbi a Satumba.

7. Idan ruwanka na kusantar mita 6 da bazara, fara tanadin famfon da ake zurawa cikin rijiya, wanda muke kira sumo, da tankin ajiya da zai riƙe ka aƙalla kwana biyu. Ruwan burtsatse ba shi da isasshiyar iska, wani ma yana da tsatsa, don haka a bar shi ya fantsama ya huta a tanki kafin ya shiga wurin kifi.

8. Masai da ramin mushe su yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya, kuma ta gangaren ƙasa da ita. Bayan ambaliya a wanke rijiya, a sa mata kulorin kafin kaji ko mutane su sha.

9. Ruwan da ka canja wa kifi taki ne. Kai shi lambu ko ayaba maimakon ka sake shi a hanya. Ka rage kuɗin taki, wani ɓangarensa kuma ya koma ƙasa.

10. Bi sanarwa. Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya duk shekara tana ambaton ƙananan hukumomi, NiMet kuma na fitar da hasashen damina. Idan ka ji a rediyo za a saki ruwan Goronyo ko Bakolori, ko ka ji labarin gulbi ya cika a Gummi, kada ka jira ka gani da ido.

ABIN DA MUTUM ƊAYA BA ZAI IYA BA

Rijiyarka da ta maƙwabcinka a ƙasa haɗe suke, don haka wani gyaran sai an taru. Masu kiwo da manoman yanki ɗaya su yashe kwalbati tare kafin Yuni. A zauna da masu unguwanni a ware inda za a riƙa ɗibar yashi, nesa da rijiyoyi da ƙafar gada. Kafin wani ya tada jinga, a duba ina ruwan zai koma. Idan aka zo aikin hanya ko gada a yankinku, ku je wurin taron, ku nuna wa injiniya inda ruwa ke bi, ku nemi kwalbatin da zai ishe shi. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ɗalibanta na neman abin bincike kullum. Ƙungiyar da ta tara awon rijiyoyi 20 na shekara biyu ta riƙe hujjar da za a saurare ta.

Mutanen Holan sun fi kowa iya jinga a duniya. Amma bayan cikar 1995, wadda ta sa aka kwashe mutum kusan 250,000 daga gidajensu, sai suka canja tunani: suka riƙa ja da wasu jingogin baya, suna buɗe wa kogi filin da zai malala ba tare da ɓarna ba. Mu namu filin yana nan tun kaka da kakanni, shi ne tafkuna da ƙananan kwaruruka na cikin fadama da ruwa ke kwanciya. Duk wanda aka cike da ƙasa aka gina, an rage wa gulbi wurin hutawa da damina, an kuma rage wa rijiya abin sha da rani.

Saboda haka ɗan uwa, kafin ka tambayi kuɗin 'ya'yan kifi ko na 'yan tsaki, fara da tambaya biyu: a wannan filin, ina ruwa yake tsayawa a Afrilu, ina kuma yake kaiwa a Satumba? Wanda ya riga ya fara awo a Jega, Aliero, Maiyama ko kewaye, ya rubuto mana sunan yankinsa da zurfin da ya samu, mu haɗa mu ga yadda abin yake. A tura wa wanda ke shirin fara kiwo a fadama.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya, Ya sa albarka a kiwonmu. Amin.